Hotunan da Na Ɗauka Don a Yarda Zan Dawo

Assalamu alaikum Anti Badi'a. Ina fata kina lafiya, ke da iyali da abokan aiki. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin ina ɗauke da wata magana da na kasa furta wa kowa a gidanmu, kuma saura mako uku a kira ni ganawa a ofishin jakadanci. Ki yi haƙuri in kin ga ina kewaye-kewaye, rabona da dogon rubutu tun ina makaranta.

Ni makiyayi ne ɗan makiyayi, shekarata talatin da biyu. Gidanmu yana gefen Jama'a, a ƙasar Gwarzo. Kakanninmu yawo suke yi da shanu, amma mu mun zauna, muna noman gero da dawa da gyaɗa, muna da ɗan garkenmu a bayan gida. Na gama sakandare a Gwarzo, har na fara difloma ta kula da lafiyar dabbobi a wata kwaleji. Na yi shekara ɗaya, sai Baffa, wato mahaifina, ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na dawo gida da niyyar in ɗan daidaita al'amura in koma. Bana shekara tara ke nan ina daidaitawa.

Abin da na iya a duniya shi ne karɓar haihuwar saniya. Idan naƙuda ta yi tsanani, maraƙi ya zo a gicciye ko ya lanƙwashe ƙafa, ni ake nema. Daga Kutama ana kirana, daga Kabo ma an sha turo babur. In na isa sai in sa a dama mini karkashi ya yi yauƙi, in wanke hannu har kafaɗa, in shafa, in zura, in rufe ido. Da na taɓa na san inda kai yake, na san inda ƙafa ta maƙale. A wurin Baffa na koya, kwaleji kuma ta ƙara mini sunayen abubuwan da Turanci. Ladan aikin wani lokaci zakara ne, wani lokaci kwanon gero, wani lokaci godiya da rakiya har bakin hanya. Ba ƙorafi nake yi ba Anti, amma godiya ba ta sayen dusa, ga burtali, wato hanyar shanu, kullum ƙara matsewa yake yi, da rani kuma har karan dawa sai mun saya.

Ina da aboki, Mijinyawa, tare muka shiga kwalejin nan. Shi ya kammala, ya yi aiki shekaru a wata gonar shanun madara, daga baya wani mai gona a wata ƙasar Turai ya ɗauke shi da bizar ƙwararrun ma'aikata. Yakan turo mini bidiyo. Akwai ɗaya da ban san sau nawa na kalle shi ba. Da sanyin safiya ne, wani farin tururi yana kwance a kan ciyawa. Shanu masu baƙi da fari suna tafe su kaɗai, ba mai sanda a bayansu, hantsarsu har tana neman taɓa ƙasa, kowace ta shiga ɗakin tatsa ta tsaya a gurbinta. Ciyawa kore shar har iyakar ganin ido. Ba shingen ƙaya, ba mai gona da zai fito yana kumfar baki don saniya ta lashi ganye biyu.

Tun daga nan na zama wani iri. Ina zaune a gindin gawo shanu suna tsintar 'ya'yansa, sai in ga kaina a can. In ga ɗakin haihuwar shanu mai tsabta, da ruwan ɗumi a famfo. In ga wata saniya ta galabaita, kowa ya rasa dabara, na durƙusa na rufe ido, maraƙi ya fito yana atishawa, wani tsohon Bature mai gonar yana kallona yana jinjina kai. Daga nan tunanin sai ya juyo gida. In ga rijiyar burtsatse a tsakar gidanmu, matata Asiya ta huta da jan guga. In ga 'yata Ummi, mai shekara huɗu, ta girma tana sanye da farar rigar likita. Wani lokaci har ƙanshin ciyawar can nake ji, ni da ban taɓa wuce Kaduna ba. Rannan sai da shanu suka kusa shiga lambun mutane kafin in farga.

Na tambayi Mijinyawa hanya, kuma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce tasa hanyar tana buƙatar takardar kammala karatu, da wasiƙun wuraren da mutum ya yi aiki, da jarrabawar Turanci, da mai gonar da zai nemi a kawo masa kai. Ya ce in na dage, shekara biyu zuwa uku. Wanda na yi wa aiki Baffa ne, yana ƙasa, kuma ko da yana raye bai taɓa riƙe biro ba. Shanun da na ceta su ma ba sa rubuta wasiƙa.

Ana haka, ranar wata kasuwa a Kabo, aka haɗa ni da wani ejan mai suna Zailani. Ya ce me zai sa in jira shekara uku. Wai akwai baje kolin dabbobi da za a yi a ƙasar, zai nema mini bizar ziyara ta mako uku, in na shiga na shiga, sai in ɓace cikin jama'a in nemi aiki, da irin hannuna ba zan yi wata guda a zaune ba. Na sayar da bijimai biyu na ba shi. A gida na ce baje koli zan je in ƙaro ilimi in dawo.

Sai Zailani ya ce abu ɗaya mutanen ofishin jakadanci suke son gani, wato shaidar cewa mutum zai dawo. Ya ce in karɓo takardar gona daga mai unguwa, sannan in ɗauki hoton duk abin da na mallaka, shanu, gona, gida, mata, 'ya, uwa. A nan ne matsalar ta fara, Anti.

Mako guda na yi ina ɗaukar hotunan, kullum da hantsi, lokacin da haske yake da kyau. Na ɗauki rumbuna. Na ɗauki gawon nan. Na ɗauki garke, kuma wallahi ban san shanunmu suna da kyau haka ba sai da na gan su a cikin waya. Na ɗauki Wule, saniyar da muke kira haka saboda farin da ke goshinta. Kakarta ce Baffa ya ba ni ranar sunana, kamar yadda ake yi a wurinmu, ni kuma na ba Ummi maraƙar da Wule ta haifa ranar nata sunan. Wule ƙugunta matsattse ne, haihuwa biyu ta yi, duka biyun da ba na kusa da an yanka ta. Yanzu tana da cikin wata shida.

Asiya ban faɗa mata ainihin niyyata ba, amma ta gane. Ta ga na gyara rufin ɗakinta na kuma sake shingen garke, alhali damina da saura. Da na ce ta tsaya in ɗauke ta, sai ta ce wai ita ba ta taɓa ganin mai tafiyar mako uku yana gyaran rufin baɗi ba. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta gyara mayafi, ta ɗauki Ummi, ta tsaya. Ba ta yi murmushi ba, har yau kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Inna ce ta ƙarshe. Ta kusa saba'in, idonta ɗaya ya fara rauni. Da na yi mata bayani cewa Turawa ne suke son su tabbatar zan dawo, sai ta yi dariya har da tafa hannu. Ta shiga ta yi wanka, ta ɗauro baƙin zanenta na saƙi wanda sai biki take fito da shi, ta sa 'yan kunnenta na azurfa, ta ɗauko ƙwaryar nono ta rufe da sabon faifai, ta zauna a ƙofar ɗaki. Ta ce in matso kusa su ga fuskarta da kyau. Ta ce in gaya musu ita ce ta haife ni, kuma tun ina shekara bakwai da na fara bin shanu ban taɓa cewa zan dawo na ƙi dawowa ba. Ta ce in ma ba su yarda da ita ba, in ba su labarin Wule, domin ta lissafa, zan je in dawo da sauran makonni kafin naƙudarta, kuma kowa ya san ba mai sa mata hannu sai ni.

Sau uku ina ɗauka, hoton yana fita dishi-dishi. Inna ta yi ta tsokanata, wai hannun da ke shiga cikin saniya bai taɓa rawa ba, yau ga shi yana rawa a kan waya.

Zailani ya wanke hotunan ya jera su cikin fayil. Ya yi ta yabo, ya ce bai taɓa haɗa fayil mai ƙarfi irin nawa ba, wai duk wanda ya ga waɗannan hotuna ya san mai su dole ya dawo. Ya faɗa ne yana murna, amma ni maganar ta tsaya mini a rai. Yanzu in na buɗe waya sai in kalli bidiyon Mijinyawa, sannan in kalli hoton Inna, in sake komawa bidiyon. Ina son ƙasar nan da ban taɓa gani ba, ba zan yi miki ƙarya ba, ina sonta ƙwarai. Kuma kunyar Inna nake ji tun ban tafi ba.

Anti, in mutum ya ɓoye gaskiya don ya nemo wa iyalinsa alheri, shi ma maƙaryaci ne? In na fasa, bijimai biyu sun tafi a banza, kuma ban san ko zan iya komawa aji in zauna da sa'o'in ƙannena ba. In na tafi, ban san da wane baki zan kira Inna ranar da mako uku ya cika ba. Ki gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Naki,
Makiyayi mai hangen nesa, daga Jama'a

*

Wa alaikumus salam, Makiyayi.

Ka ce ba ka saba da dogon rubutu ba, amma ka sa ni, da ban taɓa tatsar saniya ba, na zauna ina tunanin ƙugun Wule. Allah ya gafarta wa Baffa, ya bar maka sana'a mai albarka.

Bari in fara da ɓangarenka. Sha'awar da kake yi ba laifi ba ce, kuma ba kwaɗayi ba ne. Mutum yana da hannu irin naka ana sallamarsa da zakara, dole wata rana ya ɗaga kai ya duba wani wuri. Kakanninka ma da ciyawa ta ƙare ba zama suke yi ba. Saboda haka ba zan ce maka ka goge bidiyon nan ka rungumi haƙuri ba.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bizar ziyara ta ziyara ce, ba ta ba mutum izinin aiki, kuma ranar da wa'adinta ya cika ka zama marar takarda. Gonar da kake kallo a bidiyo, mai ruwan ɗumi a famfo, ba ta cika ɗaukar marar takarda ba, don ita ma hukuma tana duba ta. Mijinyawa yana tsaye a filin nan yana ɗaukar bidiyo hankali kwance ne saboda ta ƙofa ya shiga. Wanda ya bi hanyar Zailani yakan ƙare ne a bayan wani kicin yana wanke tukwane a ɓoye, ya ga ɗan sanda ya canza hanya. Za ka je ƙasar shanun, amma da wuya a bar ka ka taɓa ko ɗaya.

Abin da ya fi wannan nauyi kuma, wanda ejan ba ya faɗa, shi ne dawowa. Marar takarda in ya fito ba ya iya komawa, don haka yawancinsu ba sa fitowa. A ce bana, a ce baɗi, har shekara bakwai ta wuce. Na sha samun wasiƙun irinsu a wannan fili, kuma mafi ɗacinsu na waɗanda aka yi wa ta'aziyyar uwa ta waya ne. Kai da bakinka ka ce Inna ta kusa saba'in. Rai a hannun Allah yake, amma ka sa wannan a ma'auni. Sannan in aka kama ka da ƙarya a wurin ganawa, ko ka zarce wa'adi aka maido ka, ana iya hana ka shiga na tsawon shekaru, har doguwar hanyar Mijinyawa ta rufe maka. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ka tambaye ni ko mai ɓoye gaskiya don alheri maƙaryaci ne. Ka riga ka san amsar, hannunka ya ba ka ita sau uku. Turawan ofishin jakadanci ba su san ka ba, za su duba fayil su wuce. Wadda ta yi wanka ta sa 'yan kunne ta zauna ta tsaya maka shaida ita ce za ta ɗauki ƙaryar. Ita za ta amsa tambayar maƙwabta, ita za ta riƙa zama a ƙofar ɗaki tana duban hanya.

Doguwar hanyar ma ba zan yi maka alkawarin ta ɓulle ba. Dokokin ƙasashen nan suna canzawa, kuma ba kowane mai takarda ne ke samun mai gonar da zai kira shi ba. Ka roƙi Mijinyawa ya ba ka labarin abin da ba ya cikin bidiyo, sanyin da ke fasa yatsu, da tatsa kullum ba ranar hutu, da yadda sallah take yi wa mutum shi kaɗai. In ka ji duk wannan kana so har yanzu, to son naka na gaske ne. Bambancin hanyoyin biyu shi ne, doguwar ko ba ta kai ka Turai ba za ta bar ka da difloma a hannu, da ita za ka iya neman aiki a gonakin madara na nan gida.

Ga abin da nake ganin ya kamata ka yi. A makon nan ka je wurin Zailani ka karɓi fayil ɗin ka karanta shi shafi-shafi, ko ka sami wanda ka yarda da shi ya karanta maka, domin sunanka ne a kai, ba nasa ba. In ka ga takarda ko ɗaya ta bogi, ka janye gaba ɗaya. In komai gaskiya ne, baje kolin ma ka bincika ka tabbatar akwai shi, to ba laifi ka je ka ga ciyawar nan da idonka, ka gaisa da Mijinyawa, ka dawo ranar da ka ce. Wanda ya je ya dawo kan lokaci ya gina wa kansa suna mai kyau a wurinsu. Amma kai ka san zuciyarka. In ka san in ka taka filin nan ƙafarka ba za ta juyo ba, kada ka hau jirgin. Bijimai biyu sun riga sun tafi, Allah ya mayar da alheri, kada ka bi su da uwa da mata da 'ya.

Bayan haka ka shirya ka je kwalejin ka tambaya ko za a bar ka ka ɗora, ko sai ka sake daga farko. Maganar zama da sa'o'in ƙannenka kuwa, ranar da malami ya kai ku gaban saniya mai naƙuda za a san wane ne babba a ajin. Ka nemi likitan dabbobi na yankinku ka riƙa bin sa aiki, shi zai iya rubuta maka wasiƙar da Baffa bai samu rubutawa ba. Ka sayi littafi, duk haihuwar da ka karɓa ka rubuta rana da gari da sunan mai saniya da yadda maraƙin ya zo da abin da ka yi, mai ita ya dangwala hannu. Turancinka kuma ka fara goge masa tsatsa tun yanzu. Duk wata doka ta biza ka duba ta a shafin ofishin jakadancin da kansa, kada ka tsaya ga abin da aka gaya maka a kasuwa.

Kafin duk wannan akwai mutum biyu. Asiya ta gano ka tun daga kan rufi, ta rufa maka asiri, ta tsaya ka ɗauke ta hoto. Mace irin wannan ba a yanke shawarar shekaru a bayan idonta. Ka ba ta haƙuri, ka zaunar da ita ku tsara tare. Sannan ka ɗauki hoton Inna, wanda ya fita da kyau, ka je ka durƙusa a gabanta ka gaya mata abin da ka so yi da shi. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kwanaki ba ta tsokane ka ba. Ka jure, ya fi sauƙi a kan kiran wayar da kake jin tsoro.

Zailani ya faɗi gaskiya ɗaya ba da niyya ba, wato duk wanda ya ga hotunan nan ya san mai su yana da abin dawo wa. Saura wata uku Wule ta haihu. Ka kasance a wurin, da karkashinka a kwano. Ka miƙa wa Asiya wayar ta ɗauki aikin tun daga farko har maraƙi ya miƙe, ka manna hoton a shafin farko na littafinka. Wannan shi ne irin hoton da wata rana za ka tura wa mai gona a Turai ba tare da hannunka ya yi rawa ba.

Allah ya sauki Wule lafiya, ya ja kwanan Inna, ya raya Ummi ta sa farar rigarta. In akwai rabonka a ƙasar nan mai koren ciyawa, Allah ya kai ka ta ƙofa, da albarkar Inna, ya kuma dawo mata da kai ranar da ka ce za ka dawo.

Taka,
Anti Badi'a